Shaidar Kyamara a Gyaran Babban Zanen Majami'ar Gent

A birnin Gent na ƙasar Beljiyam, cikin babbar majami'ar Sint-Baafs, akwai wani zane wanda masana tarihin zane-zane na Turai suka yi ittifaƙi a kan cewa yana cikin mafiya daraja daga abin da ƙarni na 15 ya bari, shi ne wanda 'yan'uwa biyu, Hubert da Jan van Eyck, suka yi bisa umurnin wani attajirin birnin mai suna Joos Vijd da matarsa Elisabeth Borluut. Hubert ya rasu a 1426 aikin bai kai ƙarshe ba, ƙanensa Jan ya kammala shi a 1432. An yi shi a kan alluna 12 na katako, takwas daga ciki ƙyamare ne da ake buɗewa ana rufewa, an kuma zana su ciki da baya. Idan an buɗe shi gaba ɗaya tsayinsa ya haura mita 3, faɗinsa kuwa ya haura mita 4. Abin da ke tsakiyarsa ɗan rago ne tsaye bisa bagade, jama'a sun kewaye shi daga kowace kusurwa, domin a aƙidar Kirista ɗan ragon alama ce ta Almasihu. Mun san cewa Musulmi ba ya yarda da suranta annabawa, kuma ba hukuncin wannan muka zo tattaunawa ba. Su ma Kiristan wancan yanki sun yi saɓani mai tsanani a kan hotuna a wuraren ibada, har a 1566 masu karya gumaka suka afka wa majami'ar, sai da aka ɓoye allunan a cikin hasumiya kafin suka tsira. Mas'alar da ke gabanmu ita ce ta amana: idan mutum ya ɗauki aska zai kankare fentin da ya shekara ɗaruruwa a kan abin da ba shi da na biyu a duniya, wace hujja zai kafa, kuma wa zai shaide shi bayan aikin ya wuce? Amsar da mutanen Beljiyam suka bayar ita ce ɗaukar hoto mai tsananin kaifi, kuma wannan amsar ce muke son mu duba ƙarfinta da iyakarta.

Ba a fahimtar dalilin wannan taka-tsantsan sai an san wahalar da zanen ya sha. Sojojin Faransa sun kwashe allunan tsakiya zuwa Faris a 1794, ba su dawo ba sai bayan faɗuwar Napoliyon. A 1816 aka sayar da shida daga cikin ƙyamaren, suka bi ta hannun 'yan kasuwa har suka isa Barlin, inda a 1894 aka sa zarto aka tsaga kowane allo gida biyu don a iya rataya ciki da baya a gefe ɗaya, ba su koma Gent ba sai a 1920 bisa sharaɗin yarjejeniyar Basai. A watan Afrilu na 1934 ɓarawo ya shiga da dare ya ɗauke allon da ake kira na Alƙalai Masu Adalci tare da bayansa mai surar Yahaya Mai Baftisma. An mayar da na biyun, na farkon kuwa har yau babu labarinsa. A Yaƙin Duniya na Biyu an kai zanen garin Pau na kudancin Faransa don a tsare shi, Jamusawa suka ƙwace shi a 1942, ya ƙare a cikin ramin haƙar gishiri na Altaussee a Ostiriya, inda sojojin ƙawance suka same shi a 1945. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan tafiye-tafiye ya bar tabonsa, kuma bayan kowane tabo sai a kira mai gyara ya shafa sabon fenti, ko ya ƙara man ƙyalli a bisa na da, galibi ba tare da ya rubuta abin da ya yi ba.

A 2010 ne aka kwance allunan a cikin majami'ar domin gyaran gaggawa da bincike, da taimakon kuɗi daga Gidauniyar Getty ta Amurka, aka kuwa yi amfani da wannan dama, wadda ba kasafai take samuwa ba, aka ɗauki hoton kowane taƙi na zanen. Yadda ake yin wannan aiki ya cancanci a tsaya a kansa, domin mutane da yawa suna zaton kyamara ɗaya ce mai ƙarfi ake kafawa a danna sau ɗaya. Abin da ake yi shi ne, a kasa allo zuwa ƙananan murabba'ai, kowanne bai fi shafin littafi ba, a ɗora kyamara a kan wani ƙarfen dogo da ke tafiyar da ita sama da ƙasa, dama da hagu, ba tare da nisanta da allon ya canja ko da kaurin gashi ba, a ɗauki murabba'i ɗaya, a matsa, a ɗauki na kusa da shi yadda gefensu zai hau kan juna kaɗan. Dole haske ya zama iri ɗaya tun daga hoton farko har na ƙarshe, dole a karkatar da fitilu yadda ƙyallin man da ke bisa fenti ba zai dawo cikin idon kyamara ba, dole kuma a ɗauki wani ɗan kati mai launukan da aka san ma'auninsu domin a gwada da shi ko jan da ya fito a kwamfuta shi ne jan da ke kan allo. Bayan haka sai kwamfuta ta ɗinke hotunan su zama guda, aikin da ke da wuya ainun saboda katako mai shekara kusan 600 ba ya kwanciya sumul, ya lanƙwashe a nan, ya tsage a can. Da aka buɗe shafin intanet mai suna Closer to Van Eyck a 2012, an bayyana cewa jimillar ɗigon hoton da ke cikinsa ta kai biliyan 100, kuma kowa yana iya shiga ya duba kyauta.

Hoton da aka ɗauka da hasken da ido ke gani kashi ɗaya ne kawai na aikin. Akwai wani haske da ke bayan ja, wanda ido ba ya riskarsa, ana ce masa infared, shi kuwa yana ratsa yawancin launuka amma baƙin gawayi yana shanye shi. Saboda haka idan aka ɗauki hoto da shi sai zanen farko da mai aikin ya shata a kan farin shafen allo, kafin ya ɗora launi, ya bayyana. Wani masanin kimiyya ɗan Holan, van Asperen de Boer, shi ne ya inganta wannan hanya a ƙarshen shekarun 1960, kuma wannan zane na Gent yana cikin waɗanda ya bincika da ita. Sa'an nan akwai hoton eksire, irin wanda likita ke duba ƙashi da shi, wanda ke ratsa fenti da katako duka amma farin fentin da aka yi da darma yana tare shi, don haka yana nuna mahaɗar katako, da ramukan da aka cike, da wuraren da mai zane ya sauya ra'ayi. Hikimar shafin nan ita ce an daidaita waɗannan hotuna bisa juna ɗigo da ɗigo, har mai dubawa yana iya ajiye ido ɗaya na wata sura a gabansa, ya gan shi da hasken rana, ya gan shi da infared, ya gan shi da eksire, a wuri ɗaya.

Wanda ya shiga ya ƙara girman hoton zai ga abubuwan da mai tsayuwa a majami'a ba zai taɓa gani ba. A ƙirjin ɗaya daga cikin mala'ikun da ke waƙa akwai wani ƙaton dutse shuɗi a cikin abin maƙala riga, a jikin dutsen kuwa Jan van Eyck ya zana inuwar taga, ƙarama ƙwarai, da 'yan layukan farin fenti, a daidai ɓangaren da hasken tagar ɗakin ibadar Vijd, inda aka fara ajiye zanen, yake shigowa, watau daga dama. Haka hasken yake zuwa a duk faɗin zanen. A surar mutum na farko an zana gashin ƙafa ɗaya bayan ɗaya, an kuma sa hannuwa da fuska sun fi sauran jiki duhu, kamar na wanda rana ta daɗe tana dukansa. A filin da ɗan ragon yake tsaye masana tsirrai sun gane ire-iren shuke-shuke fiye da 70 da sunayensu. Wasu masana suna ganin irin wannan sanin yadda haske ke karyewa a cikin ruwa da gilashi da lu'ulu'u yana da nasaba da ilmin gani na Ibn al-Haisam, wanda aka fassara littafinsa Kitab al-Manazir zuwa Latin tun kafin zamanin van Eyck, ya kuma yaɗu a makarantun Turai. Duk wannan abin sha'awa ne, kuma shi ne ya ja hankalin jama'a. Amma a ganina babbar fa'idar hotunan ta fito ne daga baya, lokacin da masu gyara suka tarar da abin da ba su yi tsammani ba.

A watan Oktoba na 2012 Cibiyar Sarauta ta Kula da Kayan Tarihi da ke Burusal, wadda ake taƙaita sunanta da KIK-IRPA, ta fara cikakken gyara, a wani ɗaki na gidan adana zane-zane na Gent wanda aka yi wa bangon gilashi domin duk mai so ya tsaya ya ga masu aiki. Niyyar farko ita ce a cire man ƙyallin da ya tsufa ya koma rawaya, da facin gyare-gyaren baya. Da aka cire su daga bayan ƙyamaren, sai aka lura cewa tsagewar fentin sama ba ta dace da tsagewar abin da ke ƙarƙashinsa ba, kuma a wasu wurare fentin ya haye kan ramukan da suka riga shi. Bincike ya nuna cewa kimanin kashi 70 cikin 100 na bayan ƙyamaren an sake shafe shi da sabon fenti tun a ƙarni na 16, kuma an yi shi da gwaninta har ya ɓace wa idon masana na tsawon shekaru fiye da 400. Misalin wannan shi ne littafin da wani mai kwafi ya shigar da hashiyarsa cikin matani, ya kuma gyara lafazin mawallafi inda ya ga kamar ya fi kyau, sa'an nan malamai suka yi ta karantar da shi ƙarni bayan ƙarni suna jingina kowace kalma ga mawallafin. Littattafai da yawa an rubuta su a kan salon van Eyck wajen naɗa tufafi, alhali kuwa naɗin da ake yabo na wani ne daban. An san cewa a 1550 masu zane biyu, Lancelot Blondeel da Jan van Scorel, sun yi aiki a kan allunan, kuma kwafin da Michiel Coxcie ya fara yi wa Sarki Filibus na Biyu na Sifen wajen 1557 ya riga ya nuna sauye-sauyen, wanda ya tabbatar da cewa shafen ya riga wannan shekara.

A nan ne mas'alar ta yi nauyi. Fentin ƙarni na 16 shi ma tarihi ne, kuma ƙa'idar masu gyara ta zamani ita ce kada a yi abin da ba a iya warwarewa. Kankare fenti kuwa ba ya warwaruwa, abin da aska ta ɗauke ya tafi ke nan. Ga kuma tsoro na biyu: ta yiwu an shafe asalin ne saboda ya lalace, a kankare a tarar babu kome a ƙasa sai kango. Hoton eksire na gargajiya bai isa ya warware wannan ba, domin yana tattara dukan rufin fenti a inuwa guda. Sai masanan Jami'ar Antwerp suka kawo wata na'ura da ke bin allo ɗigo ɗigo da siririn hasken eksire, tana karanta irin ma'adinin da ke kowane wuri, ta fitar da taswirar darma daban, ta zaiba daban, ta tagulla daban. Tun da yake launuka da yawa na wancan zamani suna da ma'adininsu, farin daga darma, wani ja daga zaiba, shuɗi da kore da yawa daga tagulla, sai taswirorin suka nuna siffar zanen da ke ɓoye, suka kuma nuna cewa mafi yawansa lafiya lau yake. An yi sa'a kuma akwai tsohon man ƙyalli tsakanin fentin van Eyck da na wanda ya biyo baya, wanda ya zama shamaki aka iya raba su. Da waɗannan hujjoji ne kwamitin masana na ƙasashe daban-daban ya amince a cire shafen, masu gyara suka zauna da askar tiyata a ƙarƙashin madubin ƙara girma, suna ɗaga ɓarɓashin fenti ɗaya bayan ɗaya, wani lokaci yini guda ba ya ba su fiye da ɗan wuri kaɗan. Kashi na farko ya ƙare a 2016. An sami inuwowi a bangon da ke bayan Vijd da matarsa, an sami naɗin tufafi mai zurfi, an kuma tabbatar da cewa rubutun da ke kan katakon gefe, wanda ya ambaci sunayen 'yan'uwan biyu da shekarar 1432, na asali ne.

Kashi na biyu, daga 2016 zuwa 2019 ƙarƙashin jagorancin Hélène Dubois, shi ne ya kai ga fuskar ɗan ragon, kuma labarinta ya nuna bambancin gyara mai cikakkiyar shaida da mai gajeriyar shaida. A gyaran 1950 zuwa 1951, wanda Paul Coremans ya shugabanta, kuma wanda a zamaninsa abin koyi ne wajen shigar da kimiyya cikin aikin, an cire wani ɓangare na shafen da ke kewaye da kan ragon, sai kunnuwan asali suka fito a ƙarƙashin na shafe, aka tsaya a nan saboda ƙarancin lokaci da kayan bincike, ragon ya zauna da kunnuwa huɗu kusan shekara 70. Da aka cire sauran, sai fuskar da van Eyck ya zana ta bayyana: idanu a gaba suna kallon mai kallo kai tsaye, hanci da baki a zayyane sosai, kamannin da ya fi kusa da na mutum fiye da na dabba. A farkon 2020 hoton ya bazu a duniya, mutane da yawa suka yi ta ba'a, wasu suka ce masu gyara ne suka ɓata aikin. Da a wani ƙarni ne, da babu abin da masu gyaran za su kare kansu da shi sai rantsuwa da sunan da suka yi. A wannan karo kuwa sun ce ga hoton kafin a taɓa, ga na tsakiyar aiki, ga na bayan an cire shafe kafin a cike ko ɗigo ɗaya, ga taswirar ma'adinai da ta nuna waɗannan idanu da hancin tun suna a rufe. An wallafa binciken a mujallar Science Advances a 2020. Mutum yana da ikon ya ce fuskar ba ta yi masa kyau ba, wannan ra'ayinsa ne, amma da'awar cewa masu gyara ne suka ƙaga ta, bayyina ta rushe ta, kuma bayyinar tana a buɗe ga ɗalibi a Kano kamar yadda take ga farfesa a Burusal.

Hoton da na fi ba muhimmanci a cikin waɗannan duka shi ne na tsakiya, wanda ake ɗauka bayan an cire duk abin da ba na asali ba, kafin a fara cike gurabe. A wannan hali zanen yana tsirara, duk raminsa da ƙonuwarsa da gogewarsa a fili, kuma hali ne da ba ya daɗewa, domin masu gyara za su cike guraben da fentin da ake iya wankewa don idon mai ziyara ya huta. Bayan shekara 50, in wani ya tambaya wane ɗigo ne na van Eyck, wane ne na ƙarni na 21, wannan hoton kaɗai ne zai ba shi amsa ba tare da an sake taɓa allon ba. Haka kuma shafen ƙarni na 16 da aka kankare, wanda shi ne fuskar da Turai ta san zanen da ita tsawon ƙarni huɗu, yanzu ba shi da wani mazauni sai cikin hotuna da kwafi. Wanda yake son ya ga tsadar rashin irin wannan shaida, ya dubi allon Alƙalai: da Jef Van der Veken ya zo yin kwafin da ke madadinsa, wanda ya gama a 1945, abin da ya dogara da shi tsofaffin hotuna ne marasa launi da kwafin Coxcie, don haka babu mai iya cewa ga ainihin launin da van Eyck ya sa, balle a san abin da ke ƙarƙashinsa.

Duk da haka bai kamata a ɗora wa kyamara abin da ba ta iya ɗauka ba. Hoto yana nuna cewa akwai rufi biyu na fenti, amma ba ya yanke hukuncin wanne za a bari. Wannan ijtihadi ne na mutane, kuma akwai masana na kirki da ke ganin cewa abin da ya zauna a kan zane shekara 450 ya zama ɓangarensa. Ni na karkata ga abin da aka yi a Gent, saboda asalin yana nan da lafiyarsa kuma ya fi shafen nesa ba kusa ba, amma da taswirorin sun nuna kango a ƙasa da hukuncin ya juya. Sa'an nan launi a fuskar kwamfuta haske ne da ke fitowa daga gilashi, ya kuma bambanta daga na'ura zuwa na'ura, alhali launin van Eyck rufi ne bisa rufi na mai mai garau, wanda haske ke shiga ya bugi farin ƙasa ya dawo, yana sauyawa idan mutum ya gusa. Girman zanen, da buɗe shi da rufe shi, wanda a da ake yi a ranakun idi, duk ba sa shiga cikin hoto. Akwai ma haɗarin da ke tattare da kusanci kansa, domin wanda ya ƙara girman ido ɗaya har ya cika fuskar wayarsa yana ganin abin da mai zanen bai nufa a gani haka ba. Rabin ba'ar da aka yi wa ɗan ragon daga nan ta samo asali, don a kan allon fuskar ba ta kai tafin hannu ba, kuma an yi ta ne a hango ta daga nesa a tsakiyar taro mai yawa. Ga kuma mas'alar adana hotunan su kansu: katakon ya kai kusan shekara 600, na'urorin ajiyar kwamfuta kuwa sai an riƙa sauya su ana kwafe abin da ke ciki kowane 'yan shekaru, wanda ke bukatar cibiya mai ɗorewa da kuɗin da ba ya yankewa. Masu ɗaukar hoton tsofaffin littattafanmu na Larabci da ajami sun san wannan damuwa.

Tun 2021 zanen yana cikin wani sabon akwatin gilashi mai daidaita zafi da laima, a wani ɗakin ibada na bayan babban bagaden majami'ar. A 2023 aka shiga kashi na uku na gyaran, wanda ya shafi allunan sama na ciki, masu manyan surori uku na tsakiya da mala'iku mawaƙa da na gefe biyu. Wannan kashi yana da wahalarsa ta daban, domin a bayan surorin tsakiya akwai adon da aka yi da siraran faranti na kuza masu zanen alharini, aka manna su a allo aka shafa musu zinariya da launi, kuma irin wannan ado yana ruɓewa da tsufa fiye da fentin mai. An bi tsarin da aka bi a baya: aka ɗauki hotuna da taswirorin ma'adinai tukuna, aka kai su gaban kwamitin masana, sa'an nan aka ba masu gyara izinin sa aska.